Ragon Sunan Jikata

Ni Labaran na Unguwar Kanawa ban taɓa shiga aji ba, amma a kiwon turke babu wanda ya isa ya nuna mini hanya. Na ga yunwa, na ga fara, ga ni nan daram. Sau ɗaya tak dabara ta ƙare mini, shekarar farin tamanin da huɗu.

Harawar gyaɗa ta ɓace a kasuwa, dusa sai wane da wane. Rago guda ya rage mini, wanda na ware don sunan abin da 'yata Husaina za ta haifa. Ta sauka ranar Talata, ragon kuwa duk haƙarƙari a waje.

Maƙwabcina Ishaku, malamin gona, ya kawo mini dami biyu na harawar wani wake da suke kira lablab, wai shi fari bai dame shi ba.

"Baba, kaɗan-kaɗan za ka riƙa haɗa masa da abin da ya saba ci. Cikinsa bai san ta ba."

"Kai yaro," na ce, "ina turke rago tun kana goye."

Mako guda gare ni, ina ni ina kaɗan-kaɗan? Na yayyafa mata ruwan kanwa, na zube masa dami guda, na ƙara da ragowar dusa. Ya ci har ya kasa ɗaga kai.

Ranar Alhamis da hantsi na tarar cikinsa ya kumbura ta hagu kamar ganga, yana nishi, miyau na zuba. Alhassan mahauci ya leƙo ta saman katanga.

"Labaran, sa masa wuƙa tun da sauran numfashi. In ya cika, mushe ne!"

Na ɗauko wuƙar. In na yanka yau, da me za a raɗa suna? Surukina Dauda an sallame shi daga masaƙa, ko kaza ba shi da ita. In na jira ya mutu, an yi biyu babu. Na durƙusa, na kama maƙogwaronsa, amma ban ɗora masa wuƙar ba.

"Me kake jira, tsoho?" in ji Alhassan.

Ishaku na ofis, amma matarsa Saratu ta ji hayaniya ta shigo da kwalbar man gyaɗa.

"Baba, haka muke yi wa awaki a garinmu. Buɗe bakinsa."

Na ajiye wuƙar na ɗura masa. Na ɗora ƙafafunsa na gaba a kan turmi, ina murza cikin da gwiwar hannu. Shiru. Aka kira azahar, ban motsa ba. Alhassan ya shigo ya wasa wuƙar har sau biyu.

Can sai ragon ya yi wata gyatsa mai wari, ya ƙara, ya ƙara. Cikin ya fara saɓewa a ƙarƙashin hannuna.

Daga ranar tafi guda na harawar nake ba shi, safe da yamma. Ranar Talata bai yi wata ƙiba ba, amma da ƙafarsa ya taka har ƙofar gidan Dauda, liman ya raɗa wa yarinya Safara'u.