Ranar da Rediyo Ta Yi Shiru

Antin Laburare ta daɗe da daina yi wa mutane bayanin aikinta. Malamai na ganin zaman shan fanka take yi. Ɗalibai kuwa sun san ɗakinta a matsayin inda ake tura wanda ya addabi aji. Da malami ya gaji da yaro sai ya ce, "Tafi laburare ka zauna." Ita da ta yi karatun aikin nan har da takardar shaida, ta koma gandiroba.

Cikin waɗanda aka fi turo mata akwai wata yarinya da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa. Takan shigo ta yar da jaka a kan tebur ta ce, "Anti, na dawo gida." Ba ta taɓa aron littafi ba. Anti ta gwada ta da na labarai, ta gwada ta da na tarihi, daga baya ta haƙura ta miƙa mata gam da almakashi. Sai su zauna suna liƙe bangon littattafan da suka yage, yarinyar na ta zuba, Anti na jin rabi.

A tsakiyar zangon ne Shugaban makaranta ya kira ta ofis. Bai ɗago daga takardun gabansa ba ya ce za a raba ɗakinta biyu, a sa kwamfutoci a ɓangaren tagogi.

"Ai na daɗe ina roƙon a kawo su, ranka ya daɗe," in ji ta.

"To ga su sun zo. Amma makullin yana hannun malamin kwamfuta. Ke kuma da safe za ki riƙa tsare mana ajin da malaminsa bai zo ba, tunda ba ki da darasi."

Ta buɗe baki, ta ga ya riga ya jawo wata takardar. Ta yi godiya ta fito.

Ranar da kafinta ya fara kafa katakon, tana durƙushe tana ɗaure littattafai da igiya, bayanta kamar zai ɓalle, sai ga Rediyo. Lokacin hutun tara ne, ba wanda ya turo ta. Ta zauna a gefen kantar littattafai ba ta ce komai ba.

"Yau batir ya ƙare ne?" Anti ta tambaya.

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta zaro waya daga cikin safa, abin da dokar makaranta ta hana, ta miƙa mata. Wani mutum ne a bidiyo, sanye da farar rigar likitoci, yana cewa mai ciwon suga ya ajiye allura ya riƙa shan garin wani ganye.

"Gwaggona ce ta turo wa Mama. Tun makon jiya ta daina allurar. Yanzu ko tsakar gida ba ta iya sharewa, sai shan ruwa take ta yi. Anti, gaskiya yake faɗa?"

Anti ta dafa kantar ta miƙe da ƙyar. "Ni ba likita ba ce. Amma zo mu ga waye shi tukuna."

Ta kunna tsohuwar kwamfutar teburinta, wadda sai an yi mata haƙuri take tashi. Ta sa yarinyar ta rubuta sunan mutumin da hannunta. Wane asibiti yake aiki? Babu. Wa ya taɓa ambatarsa ban da shi kansa? Babu. Shafi ɗaya kawai suka samu, na shagon da ke sayar da garin, ga hotonsa a sama yana murmushi.

"Ashe hajarsa yake talla," in ji Rediyo a hankali.

Anti ta kwance ɗaurin da ta gama yanzun nan, ta zaro littafin kiwon lafiya, ta buɗe mata babin ciwon suga. Kafinta na ta buga guduma a bayansu, yarinyar na bin layi da yatsa. Da ta iso inda aka lissafa alamun haɗari sai ta tsaya, idonta ya kawo ruwa.

Anti ta kama hannunta suka nufi ɗakin Sista, nas ɗin makarantar. Sista ta saurara, ta karɓi lambar yayan yarinyar, ta kira shi ta ce masa ya kai mahaifiyarsu asibiti yau, kada ya jira gobe.

Rediyo ba ta zo makaranta ba sauran makon. Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa aka jiyo ta. An kwantar da Mama, an sallame ta, ta koma kan allura. Amma fushi take, wai an kai sirrinta makaranta. Gwaggo kuma ta ce yaran zamani sun fi iyayensu sani, ta daina amsa gaisuwarta.

"Za su huce," in ji Anti. Ba ta da tabbas.

Ta koma wurin Shugaba ta roƙi darasi ɗaya a mako, ta koya wa yara yadda ake tantance abin da suke gani a waya. Ya ce shawara ce mai kyau, sai dai jadawali ya cika, a bari sai zango mai zuwa. Ta san irin wannan zangon.

An gama katangar. Ɓangarenta ba taga, sai ƙwan lantarki ɗaya, kantocin sun matsu har sai ta karkace take wucewa. Wata Laraba ta dawo daga tsaron ajin lissafi, muryarta ta dushe, ta zauna ke nan ta buɗe kwanon abincinta, sai ta ga 'yan mata uku a bakin ƙofa suna tura juna. Ta gaban ta ce Rediyo ce ta ce su zo. Akwai wani man shafawa da suka gani a waya, akwai kuma wani da ke cewa zai kai mutum karatu waje.

Anti ta dubi kwanon, ta mayar da murfin.

"Ku shigo ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Wurin ba zai ɗauke ku duka ba."