Famfon Motar Baba Hamman

Duka na biyu da gindin bindiga ne ya kai Baba Hamman ƙasa. Ya faɗi a bakin kwatar ƙofar gidansa, hularsa ta bi ruwa. Ɗanlami, maƙwabcinsa ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, yana tsaye riƙe da babur, ko inji bai kashe ba.

"Où est la pompe?" in ji babban jandarman. Wani ɗan Arewa a cikinsu ya sunkuya ya ce da Hausa, "Tsoho, ina famfon? Kada ka sa mu ɗauki alhakinka."

"Ku tambayi wanda ya ci fanshona," in ji Baba Hamman, jini yana bin gemunsa.

Duk unguwar New Bell an san zancen. Kamfanin dakon katakon da ya yi wa tuƙi tun yana saurayi ya karye. Da kotu ta naɗa mai sayar da kadarori, sai aka gano abin da ake yanka a albashinsu da sunan fansho bai taɓa isa asusu ba. Lauya ya ce ma'aikata za a fara biya, banki ya ce motocin jinginarsa ne. Direbobi ba su jira hukunci ba. Kowa ya kwance famfon injin motarsa ya tafi da shi gida, suka rantse bayan sallar Juma'a ba mai mayarwa sai an sallami kowa. Daga baya aka lallashi wasu, aka tsorata wasu. Mai saye kuwa ya ce ko motocin duka, ko ya fasa. Na Baba Hamman kaɗai ya rage.

Jandarmomin sun riga sun farke katifa, sun zubar da tukunyar miya. Ma'aikacin kotun da ya zo da su yana tsaye kan wani katako, yana kare takalminsa daga taɓo.

Inna Hapsatu, matar tsohon, ta fito da gudu ta faɗa kansa. Aka finciko ta da mayafi, aka wurgar. Sai takalmin jandarma ya sauka a haƙarƙarin Baba Hamman. Ɗanlami ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen kwando. Aka sake. Aka kuma.

Famfon yana cikin silin ɗin ɗakin Ɗanlami, a naɗe cikin buhu. Tsohon da hannunsa ya ba shi amana.

Ɗanlami ya saki babur ɗin ya faɗi. Ya shiga ɗaki, ya taka gado, ya fito da buhun a ƙirji, ya dire shi a gaban ma'aikacin kotu.

"Ga shi! Voilà! Ku ƙyale shi haka!"

Suka ƙyale shi. Mutumin ya buɗe buhun da bakin lema, ya gyaɗa kai.

Baba Hamman ya ɗago ido ɗaya, ɗayan ya rufe.

"Wa ya aike ka?"

"Baba, kashe ka za su yi."

"Na ce wa ya aike ka?"

Ɗanlami ya ɗaura shi a bayansa da zanin Inna, ya ja babur. Gari a rufe yake ana zanga-zanga, samari suna ƙona taya a mahaɗa, sai da ya bi lungunan Kassalafam. A asibiti aka ce likita bai samu hanyar zuwa ba. Suka dawo. Tsohon ya kwana yana tarin jini, ya ƙi karɓar ruwa daga hannun Ɗanlami. Washegari da hantsi ya cika.

Ranar sadakar uku direbobin suka cika tabarmar ƙofar gida, har da waɗanda suka fara mayar da nasu. Ba wanda ya zagi Ɗanlami. Da ya zauna, Sabo, tsohon abokin tuƙin mamacin, ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri," bai dube shi ba.

Ana cikin addu'a sai ƙasa ta soma rawa. Motocin ne a babban titi, a jere, sababbin direbobi na kai su can unguwar Sodiko. Ba a ganinsu daga lungun, sai ƙara. Tsofaffin suka dakata da addu'ar, tafukan hannu a buɗe, kowa yana sauraron injinsa ya wuce.

Can ƙarshe wata ta zo tana ɗan tari a giya ta biyu.

"Ga tasa nan," in ji Sabo a hankali.

Ba wanda ya shafa sai da ƙarar ta ɓace.