Ashirin da Biyar ɗin Mahbuba

Hajiya Fanta ta karanta takardar jarrabawar jikarta sau biyu, ta goge tabarau, ta sake karantawa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana auna sinadarai a ɗakin gwajin wata masaƙa kafin a rufe ta, ba yau ta fara ganin lissafi ba. Amsar yarinyar daidai take. Amma ga jan biro an ratsa mata, sifiri a tambaya mai maki goma.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Malam Goni ne, Kaka," in ji Mahbuba, idanu sun kaɗa. "Arba'in da shida na samu. Duk wadda ba ta kai hamsin ba, ran Litinin za a fitar da ita daga ajin kimiyya."

Tambayar kuwa ba wata gagarumar aba ba ce. Ruwan sinadarin ƙarfe mililita ashirin da biyar, kaurinsa 0.10. Famanganet, wannan mai launin shunayya, kaurinsa 0.02. Nawa za a ɗiga kafin ƙarfen ya ƙare? Mahbuba ta ce ashirin da biyar. Malam ya rubuta a gefe: ɗari da ashirin da biyar.

Washegari da safe Hajiya ta yafa mayafi, ta tare adaidaita daga Fagge. Cunkoson Kantin Kwari ya riƙe su, ita kuwa sai tsaki take yi, har direba ya zaci da shi ake.

A ofishin shugabar makarantar da ke Sabon Gari, Madam Jemima, aka kira Malam Goni. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya zaro wani ɗan littafi mai bango ruwan ɗorawa, irin na tsofaffin tambayoyi da amsoshi da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari.

"Hajiya, ba ni na ƙirƙira ba. Ga shi a buge."

"A buge! Ɗan nan, ni ma in na kai takarda wurin masu inji yanzu, za su buga min cewa Fagge a Legas take. Famanganet ɗaya ilektiron nawa yake karɓa?"

"Biyar."

"Ƙarfe ɗaya nawa yake bayarwa?"

"Ɗaya."

"To ka gani! Famanganet ɗaya sai ya lashe ƙarfe biyar. Wanda ya rubuta littafinka ɗaya da ɗaya ya haɗa, bai daidaita lissafin ba. Yarinya ta raba da biyar, kai ka raba ta da makinta."

Malam ya juya littafin, ya ce shekara huɗu da shi yake koyarwa, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Wannan magana ita ta ƙara tunzura Hajiya. Shekara huɗu! Ta dubi Madam.

"A buɗe min ɗakin gwaji."

"Mama, kayan ciki na ranar babbar jarrabawa ne, ba a taɓa su. Kuma ba kyau a ƙaryata malami gaban ɗaliba."

"Ɗaliba ta tsaya waje. Ni ba tsinka shi na zo yi ba. Shi da hannunsa zai murɗa famfon kwalbar gwajin."

Sai da aka yi cigiyar makulli. Kwalabe duk yanar gizo, ma'auni a cikin leda kamar kayan lefe. Nan Hajiya ta gane: ashe yaran nan haddace launi suke yi, ba su taɓa ganinsa da idonsu ba. Ta naɗe hannun riga, ta auna, ta dama, ta zuba asid a ruwan ƙarfen. Ta ɗauko buret, doguwar kwalbar ɗigo mai zanen awo da famfo a gindi, ta cika ta da famanganet, ta miƙa wa Malam.

"Nawa take ci?"

"Hamsin."

"Amsarka sai an cika ta har sau uku. Wane mai hankali zai tsara gwaji haka? Ko wannan bai sa ka tsaya ka yi tunani ba?"

Malam ya murɗa. Shunayya na ɗiga tana ɓacewa, kamar ruwan na haɗiye ta. Goma. Ashirin. Hajiya na kaɗa kwalbar ruwan ƙarfen da ke ƙasa, ta ce ya rage gudu. Ɗigo, ɗigo. Sai ruwan ya koma ruwan hoda, ya tsaya a haka, ya ƙi gushewa.

"Karanta mana."

Ya sunkuya ya daɗe yana duba zanen. Mahbuba ta manna fuska a jikin taga.

"Ashirin da biyar," ya faɗa a hankali.

"Ban ji ba. Tsufa ya taɓa kunnen."

"Ashirin da biyar, Hajiya."

Madam Jemima ta miƙa masa jan biro. Ya soke arba'in da shida, ya rubuta hamsin da shida, ya sa hannu. Ya ce a yi haƙuri.

"Haƙuri na yi shi tun a adaidaita. Yara nawa suka haddace ɗari da ashirin da biyar ka ba su goma?"

"Talatin da uku."

"To su aka fi cuta. Ran Litinin a shigo da su nan, kowacce ta murɗa da hannunta. Zan zo. A tanadar min kujera mai jingina."

Ta karɓi takardar jikarta, ta ninke, ta fita tana mita a kan yanar da ta maƙale mata a mayafi.