Tsohuwar da Ta Ƙi Shiga Jirgi

Ranar da jirgin ruwa na ƙarshe ya kwashe Italiyawa daga tsibirin Marzuna, Miftah ya hau tudu zuwa gonar zaitun ta mahaifinsa. Yana ƙarami gwamnatin Turawa ta ƙwace gonar ta ba wani baƙo mai suna Kalojero, su kuwa aka kora su bakin teku, inda uban ya ƙare rayuwarsa yana kamun kifin da bai iya ba. Yanzu an mayar wa kowa ƙasarsa.

Ya zaci kango zai tarar. Sai ga tsohuwa cikin baƙaƙen kaya tana watsa wa kaji hatsi. Nunziya ce, matar Kalojero.

"Madam, jirginku ya tashi."

"Na ji ƙararsa," ta amsa da gurɓataccen Larabcinta. "Mijina ya mutu, 'yata ta mutu. Wurin wa zan je can?"

Miftah ya juya da duk baƙar maganar da ya daɗe yana tanadi a cikinsa. Ya sauko ya gaya wa matarsa Galiya.

"Sannu jarumi," in ji ta. "Ka tafi korar Turawa, tsohuwa guda ta koro ka?"

Suka tare a gidan, suka bar mata ɗakin gabas. Da fari Miftah kan ɗauke kai in sun haɗu a bakin rijiya. Galiya ce ta fara aika mata kuskus ranar Juma'a, kwanon ya dawo cike da taliyar hannu.

Da lokacin tsinkar zaitun ya zo, Nunziya ta ja hannun rigar Miftah har gindin wata tsohuwar bishiya a ƙarshen gona.

"Babanka kan zo nan duk kaka, ya tsaya bayan shinge yana kallonta. Nakan miƙa masa kwalbar mai a ɓoye, kada Kalojero ya gani."

Miftah ya tuna koren man nan da uban kan shigo da shi cikin riga, ya ɗiga musu a kan burodi, bai taɓa faɗin inda ya samo ba.

"Ai man namu ne kika ba mu," ya ce.

"Naku ne. Shi ma haka yake ce mini, sannan ya yi godiya."

Miftah ya dubi bishiyar. Sai ya sunkuya ya ɗauki kwandonta.

"Kawo, Inna, ya yi miki nauyi."

Ta zauna tare da su har ƙarfinta ya ƙare, tana yi wa 'ya'yansa faɗa da harshe biyu. Da ta rasu babu sauran fada, wato limamin coci, a tsibirin, sai Miftah ya haƙa kabarin da hannunsa. A ranar, Galiya ba ta hura wuta ba. Maƙwabta ne suka yi ta shigowa da abinci, kamar yadda ake yi wa duk gidan da aka yi rashin uwa.