Sunan da Gogo Ba Ta Faɗa

Shamsiyya ta jingina wayar da dutse, ta tokare ta da takalminta, don sandar ɗaukar hoton ta karye a motar da ta kawo ta garin Keita. Kakarta Gogo tana zaune kan jerin duwatsun da suka ratsa tudun bayan ƙauyensu Ibohamane, tana korar ƙuda da bakin zane.

Shekara biyu ke nan Shamsiyya tana digiri na biyu a fannin tarihi a Yamai, wata shida kuma tana saka bidiyo a intanet da Faransanci, murya kawai, ba fuska. Na ƙarshe sau goma sha ɗaya aka kalle shi, uku a ciki ita ce da kanta. A jami'a 'yar ƙauye ce, a ƙauye 'yar lakkol, wato 'yar boko, ba ta da wanda za ta nuna wa aikinta. Cikin matan unguwarsu da suka yi dakon dutse bayan yunwar tamanin da huɗu, suka tare ruwa har tudun nan ya sake yin gero, Gogo kaɗai ta rage. Sai da aka kwana uku ana lallashi ta yarda ta yi magana, ga shi gobe Shamsiyya za ta koma.

"To, mi za ni hwaɗa ma wagga aba?" in ji Gogo.

"Abin da kinka gani, Gogo."

Ashe tsohuwa neman ƙofa take. Ta faɗi yadda gammo ya cinye musu gashin ka, da yadda ake sallamarsu da hatsi da mai, da matar da ta haihu a bakin aiki. Sannan ta dafa dutsen da take kai.

"Wanga layi, yaron nan ya jera shi. Shekarunai sha biyu. Ya hana ni ɗauka, wai wuyana ya kumbura. Har hwarcenai ya hita, bai yi kuka ba."

Malamin su Shamsiyya a jami'a kullum cewa yake shaidar da ba suna labarin kasuwa ce. Bakin Shamsiyya ya riga hankalinta.

"Wane yaro? Hwaɗi sunanai, don masu kallo."

Gogo ta dube ta, ta tashi da kyar, ta koma inuwar wata aduwa can nesa, ta juya baya.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Shamsiyya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko yaron goye ya san wannan. Ɗan farin Gogo kuwa shi ne mahaifinta, wanda ya tafi ci-rani Abidjan tana shekara uku, labarin rasuwarsa kawai ya dawo. A gida ba a zancensa gaban tsohuwa. Yau ne karon farko da aka ba ta labarinsa, ita kuma ta toshe bakin mai bayarwa da iliminta. Kunya ta kama ta, da wani kaɗaici da ya fi na ɗakinta na Yamai.

Batirin ya kusa ƙarewa. Ta shafa dutsen, yana da zafi. Ta juyo da wayar ta fuskance ta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi magana da Hausar gida.

"Sunana Shamsiyya. Wanga layin dutse Auwalu ya jera shi, shina ɗan shekara sha biyu, don uwatai ta huta. Ni ɗiyatai ce."

Ta ɗauki wayar ta je inuwar aduwa, ta durƙusa.

"Gogo, ki yahe mini."

"Mi kike ta hwaɗi can ke ɗaya kamar mai iskoki?"

Shamsiyya ta kunna mata. Da sunan ya fito, tsohuwa ta ja zane ta rufe fuska. Bidiyon ya ƙare.

Daga cikin zanen murya ta fito ƙasa-ƙasa.

"Sake sa shi."

Ta sake. Sau shida ta sake, Gogo tana riƙe da wuyan hannunta, har wayar ta mutu.

"In kin samu wutar sa ma wagga aba," in ji Gogo, "sauran labarinai na nan."