Fuskar Malam Amidu

Tahiru ya ja idanun Khalidu daga hoto da linzamin kwamfuta, ya ɗora su a ƙarƙashin goshin wani kawu, sannan ya juya allon wajen tsohuwar.

"Mma Azumi, haka idonsa yake?"

Ta rufe ido jim kaɗan, ta buɗe. "Ƙara musu zurfi. Mutum ne da ya sha rana a kasuwar shanu."

Shekara talatin ke nan da rasuwar mijinta, Malam Amidu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Yanzu jikoki sun tasa a unguwar Moshi Zango suna tambayar kamanninsa. Shi ne autansa Khalidu ya kwaso hotunan mazan gidan kaf, ya riƙo hannun uwar har shagon hoton Tahiru a unguwar Adum, wai a haɗa musu uba, a buga a takardar gayyatar addu'ar da za a yi masa. Fuskar ta gaskiya kuwa babu inda ta rage a duniya sai a cikin kan tsohuwar nan.

Tahiru fa gwani ne, kuma ya san da haka, abin da ke haɗa shi faɗa da mutane ke nan. Ya sha gyara hoton da ruwa ya ci, ya sha tsayar da ango kusa da amaryar da take can Jamus. Amma bai taɓa yin mutum ɗungurungum ba. Hanci ya ɗauko daga ƙanin marigayin, haɓa daga jika, kunnuwa daga wani da ba a ma tabbatar dangi ne ba. Ya shafe duk inda ya haɗa, ya daidaita launin fata. Da ya ɗiga ɗan haske a ƙwayar idon, sai da tsigar jikinsa ta tashi, don abin kallonsa yake yi. Ya ji tsoro, ya kuma ji daɗi, kuma daɗin ya fi yawa.

"Wallahi Baba ne," in ji Khalidu, shi da yake rarrafe lokacin rasuwar.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Babu abin da ake ji sai fanka da hayaniyar motocin haya, trotro, a waje.

"Ba shi ba ne," ta ce a hankali. "Ban san wannan ba."

"Ina za a gyara, Mma?"

"Bari in duba."

Ta rufe ido. Wannan karon ta daɗe, har Tahiru ya lura yatsunta sun daina jan carbi.

"Ɗana, kashe abin nan."

Ya kashe allon. Ta sake runtse ido.

"Goge shi gaba ɗaya."

Khalidu ya buɗe baki zai yi gardama, Tahiru bai saurare shi ba. Ya kunna, ya goge aikin da ya wuni yana yi.

"Ya tafi, Mma. Duba, babu kowa."

Ba ta buɗe ido ba. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, kamar mai son leƙa bayan wani dogo a taron suna.

"Bai tafi ba," ta ce. "Yana tsaye a gaban Malam, ya tare min shi. Duk inda na duba, shi ne."

Ta miƙa hannu tana lalube har ta kama rigar Tahiru.

"Ɗana, kai ka yi shi. Ce masa ya matsa."