Gayyar Doyar Ishaya

Ishaya ya samu aikin koyarwar da ya je nema a Jos, bisa sharaɗin ya miƙa sakamakon bincikensa kafin a buɗe zangon karatu. A ranar da aka faɗa masa haka, mutanen Yangoji suka haƙe gonar da binciken yake cikinta.

Abin ya faru a ƙarshen daminar 1975. Ishaya ɗalibin digiri na biyu ne a fannin noma, daga Zariya aka turo shi. Baba Yamusa, manomin da ya sauke shi, ya ba shi aron gona a bakin rafi. Ya raba ta fili-fili, ya shuka doya. Wani filin ya zuba masa takin zamani, wani kashin shanun da ya roƙo a rugar Fulani, wani ya bar shi haka nan. Kowace kunya da feginta mai fenti. Abin da ya rage shi ne ya haƙe kowane fili daban, ya ɗora a sikeli.

Ana cikin haka kiran ganawar ya iso.

"Baba, zan tafi Jos neman aiki," in ji shi. "Doyar nan ce ke damuna. Ta isa haƙa, ga ni ni kaɗai."

"Ka tafi, Malam. Doya ba ta da ƙafa."

Hansatu, matar gidan, ta sauke itacen da ta ɗauko a kafaɗa, ta dubi ƙafarsa. "In sun ba ka aikin, ka fara sayen takalmi. Wannan kullum bakinsa a buɗe, yana gaishe mu."

A bayan akori-kura ya yi tafiyar, rabi barci rabi ido biyu. Sun wuce Dutsen Zuma, kansa cikin gajimare, kamar bai gama yanke shawarar saukowa ƙasa ba. Ya ga kansa a gaban aji da alli a hannu, ɗaliban na zaune layi-layi, kowanne da fegi mai fenti a gabansa, ganye na hawa ƙafafun kujerunsu.

Ɗakin ganawar yana da fanka mai juyawa a hankali. Manyan malamai suna zaune a bayan dogon tebur. Shugabansu ya zare tabarau.

"To, me ka gano?"

"Ranka ya daɗe, amsar tana ƙarƙashin ƙasa tukuna."

Aka yi dariya. Ya bi su da bayanin filayen, amma muryarsa yake ji kamar daga ƙetaren rafi take zuwa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci, alhali daɓen siminti ne. Da aka gama, shugaban ya ce suna son sa. Ya kawo awon, a ba shi ofis.

Washegari da hantsi ya sauka a Yangoji. Tun daga bakin hanya ya ga tulin a ƙofar gidan Baba Yamusa. An jera doyar yadda ake jerawa a garin: manya a gefe don kasuwa, matsakaita don tukunya, ƙanana don iri. Fegin kuwa an tattara su, an wanke, an ɗaure da igiya, an jingine a bakin ɗakinsa.

"Ka ce kai kaɗai ne," in ji Baba Yamusa. "Baƙo ba ya zama shi kaɗai a garin nan. Na kira gayya. Har na Kwali sun zo."

"Ko guda ba mu taɓa ba," in ji Hansatu. "Ishayan Jos! Ka yi murmushi mana, ko sun hana ka aikin?"

"Sun ba ni, Mama."

Ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka fito.

Ishaya ya tsuguna, ya ɗauki wata babba, ya juya ta. Ba abin da ke jikinta sai jar ƙasa. Ta takin zamani ce, ta kashin shanu ce, ba ta faɗa ba. Ya miƙe, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya yi godiya.

Sai da aka kawo sakwara Baba Yamusa ya ba shi haƙuri a kan abu guda. 'Yan kunyoyin da ke ƙetaren rafi ba su samu haƙa ba, ruwa ya cika. Ishaya ya ajiye lomar, ya gangara. Daga bakin gaɓa yana hango fegin a tsaye cikin ganye, ja da fari da shuɗi, iska na kaɗa su.

Ko waɗannan za su isa a kira su sakamako, malaminsa na Zariya ne zai faɗa. Ishaya ya aika masa da saƙon tangaraho daga gidan waya na tsohon garin Abuja. Har yanzu amsa ba ta zo ba, rafin kuma bai janye ba.